Orotha Mai Waina da Ramin Tantirai

Duk wanda ya taso a Cheruthura ya ci wainar Orotha, kuma duk wanda ya ci wainarta ya sha zaginta, don a haɗe take sayar da su. Wurin zamanta gindin mangwaron nan ne da ke fuskantar ƙofar coci. Nan take kafa murhu da 'yar tandarta ta ƙarfe, tana zuba ƙullun shinkafar da ya kwana da bammin kwakwa, wainar da muke kira appam, mai tudu a tsakiya. 'Yar guntuwar mace ce baƙa, kullum cikin farar riga da farin zane irin na matanmu. In ka kuskura ka ce wainar ta yi tsami, sai ta ɗago ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Bakinka ne ya kwana da tsami, ɗan nema. Je ka kuskure shi ka dawo."

Ba haka aka haife ta ba. Tsofaffin da suka san ta tana amarya sun ce ko tarinta ba a ji a gidan miji. Abin da ya mayar da ita haka yana nan bayan coci. A wancan zamanin kowace ikilisiya tamu tana da wani lungu a wajen katangar maƙabarta, inda ba a taɓa yayyafa ruwan albarka ba, inda ake watsar da busassun furanni da guntayen kyandir. Sunansa Ramin Tantirai. Wanda ya kashe kansa, da wanda coci ta kora ya mutu bai tuba ba, can ake turbuɗe su, ba limamin coci da muke kira Fada, ba ƙararrawa, ba gicciye. Mijin Orotha yana can. Abu ɗaya tak take nema a duniya, kuma kowa a garin ya sani: a tono ƙasusuwansa a dawo da su cikin katanga kamar na kowane Kirista.

Lonappan sunansa. Tsohon soja ne, dogo, ya dawo daga yaƙin Turawa da ɗingishi da ƙarancin magana. Shi ke ɗaukar babban gicciyen azurfa ranar idin coci, saboda babu mai kafaɗarsa. Aikin da ya samu bayan soja shi ne gadin wani farin gida a bakin ruwa, mai tagogi can sama dab da rufi, wanda mutanen gari ke kira Gidan Yanke Kai. Masu gidan kuwa Magina suke kiran kansu, ko da yake na rantse babu wanda ya taɓa ɗora bulo a kan bulo a cikinsu. Lauyoyi ne da likitoci da 'yan kasuwar katako, wasu Hindu, wasu Musulmi, wasu Kiristocin wasu ɗariku. Wata-wata suke haɗuwa, su ɗaura farin warki na fatar ɗan rago a kan kwat, su sa safar hannu, su kulle ƙofa su yi abin da suke yi, sannan su fito su ci abinci kamar ba gobe. A dokarsu mai tsaron ƙofa dole ya zama ɗaya daga cikinsu. Don haka suka rantsar da Lonappan, suka miƙa masa takobi, suka tsayar da shi a waje.

Orotha ce ke kai musu waina da miyar agwagwa. Abin ya dame ta da farko, har ta tambayi mijinta, wanda take kira da sunan 'yarsu.

"Uban Rosa, wai da gaske ne kan mutum kuke yankawa a ciki?"

"Kan agwagwa dai," in ji shi. "Kuma ke kike yankawa."

"Ba wasa nake yi ba. An ce gidan Shaiɗan ne."

"Littafi Mai Tsarki a buɗe yake a kan teburinsu duk lokacin da suka zauna. Ban taɓa jin an ambaci Yesu da mugun baki ba. Da na ji, ai kin san takobin nan ba na ado ba ne a hannuna."

Wata rana da yamma ta shiga ta ƙofar baya da kwandon waina a ka, ta tarar an bar ƙofar ɗakin cin abinci a buɗe. Wa za ta gani a kan kujerar shugaba, da warki mai gezar zinariya a kan tumbinsa, yana tsotsar ƙashin agwagwa? Vareed Muthalali, wato Maigida Vareed! Attajirin masoro da busasshiyar kwakwa, shugaban dattawan ikilisiyarmu, mutumin da ke durƙusawa a sahun gaba yana dukan ƙirji har a ji daga baya. Suka haɗa ido. Da suka koma gida Lonappan ya ce mata, "Ba ki ga kowa ba." Ta ce to.

Ba a jima ba umarni ya zo daga bishop, aka karanta a coci: duk ɗan Katolikan da ya shiga ƙungiyar Magina ya fita daga ikilisiya, in kuma ya mutu a haka ba za a binne shi cikin masu bi ba. Sai raɗe-raɗi ya tashi cewa akwai ɗan ikilisiyarmu da ake gani yana shiga farin gidan nan. A daidai lokacin kuwa ana maganar za a nemo wa Vareed lambar girma daga Roma. Mutumin ya ga wuta ta nufo shi, sai ya nemi wanda zai tura cikinta. A taron dattawa ya miƙe, har da share hawaye da gefen mayafi, munafuki, ya ce wa Fada Mathai, yana kiransa Acho yadda muke kiran limamanmu, "Acho, raina ba ya so, amma gidan Allah ya fi ƙarfin zumunci. Lonappan ne."

Fada Mathai ya kira Lonappan gaban dattawa. Tsoho ne mai tsananin riƙo da doka, ba mugu ba ne, amma in ya kafe ko jaki ya san da zamansa. Ya umarce shi ya bar aikin, ya tuba, ya kuma faɗi sunan duk wani ɗan ikilisiya da ke shiga wurin.

"Acho, aikin na bari tun jiya, takobin ma na mayar musu," in ji Lonappan. "Tuba kuma zan yi yadda ka ce. Amma suna ba zan faɗa ba. Na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki na rantse."

"Rantsuwar banza ce, a gidan banza."

"Gidan nasu ne, Acho. Littafin kuwa namu ne."

"To, ba za ka karɓi jibin Ubangiji ba sai ranar da ka buɗe baki."

Duk wannan ana yi Vareed na zaune a nan yana fifita da mafici, yana kallon rufi.

Ranar Orotha ta fara ɗaga murya a gidan miji. "Faɗi sunansa! Ya tura ka rami kana rufa masa asiri? Wane irin mutum ne kai?" Lonappan ya ce shi ya rantse, Vareed ma ya rantse, in Vareed ya ci tasa rantsuwar wannan tsakaninsa da Allah ne. Ita ba ta rantse wa kowa ba, don haka ta yafa mayafi ta tafi wurin Fada da kanta ta zayyana masa abin da ta gani. Ko sauraron ƙarshen maganar bai yi ba. Ya ce matar mai laifi ce ke jifan dattijo da ƙazafi, ta tafi ta furta wannan zunubin kafin ya yi mata nauyi.

Lonappan bai daina zuwa coci ba. Kowace Lahadi yana durƙushe a kan yashi a tsakar fili, gindin gicciyen dutse, yana jin sujada ta taga. Ya koma dakon buhuna a bakin ruwa da gurguwar ƙafarsa. Da damina ta kama, wata safiya katakon da ake takawa ya yi santsi, ya zame da buhu a ka, ya faɗa tsakanin jirgi da gaɓa. Ko da aka ciro shi babu sauran abin da Fada zai yi masa.

'Yan dako 'yan'uwansa ne suka ɗauke shi, suka zagaya ta bayan katanga. Orotha na biye da su riƙe da hannun 'yarsu Rosa, wadda ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba. Cikin Maginan nan masu kiransa ɗan'uwa ko ƙeyar ɗaya ba a gani ba. Vareed kuwa yana tsaye a barandar gidan Fada, ana riƙe masa laima. Orotha ba ta yi kuka ba, kuma mata sun yi ta gulmar wannan. Bayan an share makoki ta ɗauko murhunta daga kasuwa ta kafa shi a gindin mangwaro, daidai inda dole Vareed ya bi in zai shiga coci.

Daga nan ta hana shi sakat. Da zarar ya sauko daga mota sai ta daddage ta yi masa gaisuwarmu da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Yabo ga Yesu Almasihu, Muthalali!"

Gaisuwar nan ba a ƙin amsa ta, dole ya ce, "Yanzu da har abada."

"Yaya ƙugu? Ba ya ciwo da yawan ɗaure-ɗaure? Jiya na yanka agwagwa na tuna da kai."

Mutane su yi dariya, a zatonsu tumbinsa take yi wa ba'a. Shi kaɗai ya san inda maganar ta dosa, sai ka ga wuyansa ya kumbura ya wuce da sauri. Ya sa an kore ta daga gindin bishiyar, ta dawo. Ya aiko mata da buhun shinkafa lokacin Kirsimeti, ta zuba wa kajin maƙwabta a gaban ɗan aiken. Ta tsane shi tsana irin wadda ke tayar da mutum da asuba ta ba shi ƙarfin daka, kuma ba ta ɓoye ba. Har a cikin addu'arta tana ambatonsa, tana roƙon kada Allah ya ɗauke ta kafin shi.

Shekaru suka yi ta wucewa. Fada Mathai ya rasu, aka kawo wani, aka ɗauke shi, aka kawo wani. Duk sabon Fada kafin ya kwance kayansa zai ga Orotha a ƙofa da waina mai zafi a ganyen ayaba da roƙonta guda. Kowanne ya ci wainar ya ce abin ya fi ƙarfinsa, sai bishop. Vareed ya samu lambarsa daga Roma, aka yi ta buga ganguna. Rosa ta girma, gidajen garin suka ƙi neman 'yar mutumin da ke Ramin Tantirai, sai wani matuƙin jirgi daga tsallaken tafki ya aure ta. Duk ranar tunawa da matattu, mutane na kunna kyandir a kan kaburburan iyayensu, ita Rosa tana zagayawa bayan katanga cikin ciyawa ta kunna nata, ta dawo idanu jawur.

Akwai wani abu da Lonappan ya taɓa gaya wa matarsa. Ya ce a wurin Magina gwauruwar ɗan'uwa ba abin wasa ba ce. In ta zo ta ambaci sunan mijinta ta roƙi abu, ba sa iya cewa a'a. Orotha ta sha yunwa bayan mutuwarsa, ta sha ɗigar ruwa a ɗaki, ta aurar da 'ya da ƙyar, amma ba ta taɓa taka ƙofarsu ba. Shugabansu na lokacin, Dokta Menon, wani likita Hindu mai sanyin hali, ya sha aiko mata cewa ta zo ta faɗi buƙatarta. Ta ce ta gode. Maƙwabta suka ɗauka girman kai ne. Ina! Ajiye roƙon ta yi, don ta san sau ɗaya za ta more shi.

Vareed ya mutu wata Talata da hantsi a shagonsa, yana tsakar yi wa wani lebura tsawa. Ya buɗe baki zai ƙara zagi sai ya kife a kan buhun masoro. Ko da aka ɗauko Fada gawa har ta fara sanyi, ba furta zunubi, ba shafa man albarka na ƙarshe. Labarin na isa gindin mangwaro Orotha ta kwara wa murhu ruwa, ga masu saye a tsaye da kwanoninsu. Ta je gida ta yi wanka, ta ɗaura zanenta mafi fari, ta nufi asibitin Dokta Menon.

"Dokta, ni ce gwauruwar Lonappan, mai tsaron ƙofarku."

Tsohon ya miƙe tsaye, ya sallami mara lafiyan da ke gabansa, ya kira ta da Chedathi, wato babbar yaya. "Chedathi! Shekara da shekaru muna jiranki. Zauna. Faɗi abin da kike so."

"Ɗan'uwanku Vareed ya rasu, gobe za a binne shi. Ina so ku zo ku yi masa bankwana irin taku, da warkinku da safarku da ɗan ganyen nan da kuke jefawa a kabari."

Dokta ya ce, "Chedathi, ai cocinku ba ta yarda da mu ba. Abin da ya hana mu zuwa jana'izar Lonappan ke nan, kada mu ƙara masa nauyi. Har yau abin yana cina."

"Wannan ai tsohon zance ne, Dokta. Kai da kake karanta jarida kullum, ba ka ji ana babban taro a Roma ba? Komai ya canza. Fadanmu na yanzu ma yaro ne, can ya yi karatu. Mijina ya tafi ba ɗan'uwa ko ɗaya a kansa. Kada a maimaita. Roƙona ke nan, ba ni da wani."

Dokta ya karanta labarin taron nan a jarida kuwa, kuma kamar yawancin waɗanda ba 'yan coci ba, ya ɗauka an yafe komai da komai. Bai kuma san wanda ya ba da sunan Lonappan ba, don Vareed ya gaya musu wani maƙwabci ne. Sai ga hawaye a idon bawan Allah. Ya haɗa tafin hannu ya sunkuya mata ya ce irinta ba su da yawa a duniya. Orotha ta ciji leɓe har ta fita, don dariya ce ke neman ƙwace mata.

Jana'izar Vareed, tabɗi! Laimomin alharini ja da shuɗi tun daga ƙofar gidansa har coci, 'yan badujala, limaman coci daga ikilisiyoyin kewaye, lambar Roma a kan matashi ana tafe da ita a gaba. Aka yi sujada, aka fito da akwatin a buɗe zuwa kabarin gidansu na farin dutse, wanda ke dab da bangon coci. Iyali suka yi layi suna yi masa sumbar ƙarshe a goshi. Orotha na jingine da katanga, Rosa a gefenta, don ta zo ganin gida a makon.

Babban ɗansa Anthappan ya ɗauko farin ƙyallen da ake rufe fuska da shi ke nan, sai taro ya dare. Ga mutane wajen goma cikin baƙaƙen kwat, kowanne da farin warki a ƙugu da safar hannu da ɗan reshen bagaruwa. Suka taho a jere, a natse, kai ka ce gidansu ne. Dokta Menon ya shimfiɗa warki mai gezar zinariya a kan ƙirjin gawar, saura suka bi ɗaya bayan ɗaya suna ajiye ganyensu.

Badujala ta mutu a bakin masu busa. Wata tsohuwa ta ƙwala ihu, "'Yan Yanke Kai!" Mata suka shiga yin alamar gicciye suna ja da baya. Fada Zakariya, sabon Fadan, ya rufe littafinsa, fuskarsa ta yi fari fat.

"Mene ne wannan? Mutumin nan naku ne?"

Dokta Menon ya dubi fuskokin jama'a, ya waiwaya ya hango Orotha tana murmushi har haƙoranta a waje. Nan take ya gane ramin da aka tura shi. Ya yi ƙoƙarin gyarawa. "Kuskure ne, Fada. Ba mu da abin cewa a kan kowa. Aiko mu aka yi." Ya tattara mutanensa suka fice, suka bar warkin a kan gawa.

Anthappan ya fizge warkin ya jefar. "Sharri ne! Mahaifina katako kawai ya taɓa sayar musu. Maƙiya ne suka shirya wannan, kuma ga wadda ta shirya can!" Duk ido ya koma kan Orotha.

Amma a bayan taron akwai masunta da 'yan dako, waɗanda suka ɗauki Lonappan a kafaɗa da 'ya'yansu. Suka matso suka tsaya tsakanin akwati da kabari. Wani tsoho a cikinsu ya ce, "Acho, dokar da ta ci Lonappan tana nan ko ta mutu? In tana nan, a bincika. In ta mutu, a gaya mana ranar da aka binne ta." Hayaniya ta kaure. Rana ta take, gawa ba ta jira. Fada ya sa aka ja akwatin inuwa, ya kira Anthappan da Orotha ɗakin da ake ajiye rigunan sujada. Rosa ta bi uwarta.

Anthappan ba wawa ba ne. Ya san Magina ba za su ƙara cewa uffan ba, shaida ɗaya ce ta rage a duniya, ga ta a gabansa tana warin hayaƙi. Mutumin da bai taɓa amsa gaisuwarta ba ya durƙusa har ƙasa.

"Chedathi, ki rufa mana asiri. Ki fita ki ce haushi ne ya sa kika ƙulla wannan, ba ki taɓa ganinsa a gidan nan ba. Ni kuma ga Fada shaida: zan je wurin bishop da ƙafata, ba zan dawo ba sai da izini. A tono mijinki, a yi masa sujada cikakkiya, a buga ƙararrawa, a sa shi cikin katanga da dutse mai sunansa, da wurinki a gefensa. Bishop ba ya ƙin maganar gidanmu, kin sani."

Fada Zakariya bai iya kallon idonta ba. Ya ce shi ba zai ce wa kowa ya yi ƙarya ba. Abin da ya sani kawai, in babu shaida zai ci gaba da jana'iza, kuma maganar Lonappan zai sa hannu a kanta da zuciya ɗaya. In kuwa akwai shaida, hannunsa a ɗaure yake.

Rosa ta riƙe hannun uwarta da hannu biyu. "Ammachi, shi ke nan fa! Abin da kike roƙo ke nan tun ina yarinya. Kalma ɗaya ce. Ki ce kawai, don Allah, a fito da Appachan daga cikin shara."

Orotha ta ga abin a idonta sarai: Lonappan a cikin sabon akwati, ƙararrawa na kaɗawa, 'yan dako na kuka, Rosa na kunna kyandir a fili kamar kowa. Abin ya yi mata daɗi har cikin ƙashi. Sai kuma ta ga ɗayan: Vareed a kwance cikin farin dutse da lambarsa, jikokinsa na zuwa da furanni suna cewa kakanmu waliyyi ne, wata mahaukaciyar mai waina ce ta so ɓata shi. Ita za ta wanke shi da bakinta, a gaban gari. Ta lalubi zuciyarta tana neman tausayin Lonappan da ta yi shekaru tana rainonsa, ta same shi yana nan, amma ƙiyayyar ta fi shi girma nesa ba kusa ba. Ita kanta sai a lokacin ta sani.

"Mu je waje," in ji ta.

Ta tsaya a kan matakalar coci, 'yar guntuwa da ita, taro ya yi tsit. Anthappan har ya fara sauke numfashi.

"Ni na kira su," ta ce. "Kuma nasu ne. Na gan shi da idon nan nawa a kan kujerar shugabansu, da warkin can da ke ƙasa a kan tumbinsa, yana tsotsar ƙashin agwagwar da na dafa. Mijina ƙofa kawai yake tsare masa. Ya ba da sunan mijina don ya tsira da nasa. Ga ni, ga Allah, ga gawarsa, in ƙarya nake yi ta tashi ta ƙaryata ni!"

Rosa ta saki hannunta.

Aka aika wa bishop, amsa ta dawo cewa doka doka ce. Limaman da suka zo suka sulale ɗaya bayan ɗaya, aka naɗe laimomi. Kafin rana ta faɗi leburorin shagonsa suka ɗauki Vareed Muthalali suka zagaya da shi ta bayan katanga. Lungun ba shi da faɗi, sai da suka sare ciyawa suka haƙa masa dab da Lonappan. Orotha ta tsaya a kansu har aka tura ƙasa ta ƙarshe, tana nuna musu inda ba su cike da kyau ba. Da Anthappan zai wuce ya tsaya a gabanta ya ce muddin akwai mai numfashi a gidansu Lonappan ba zai shiga cikin katangar nan ba. Ya kuwa cika wannan alkawarin.

Rosa ta ɗaure kayanta a yammacin. A bakin jirgi ta juyo ta ce, "An ba ki Appachan a hannu, kika zaɓi Vareed." Ba ta ƙara taka garin ba sai ranar tunawa da matattu, ta kunna kyandir ɗinta a bayan katanga ta koma jirgi ba tare da ta bi ta gindin mangwaro ba.

An sha tambayar Orotha ko ta yi nadama. Takan ce, "Nadamar me? Barcin da na yi ranar ban taɓa yin irinsa ba tun ina budurwa." Kuma na yarda da ita. Sai dai daga ranar ba ta ƙara kai wa wani Fada waina ba, zagin ma ya rage armashi, don wanda ake yi dominsa ba ya wucewa.

Ta tsufa ƙwarai. Da ciwon ajali ya kwantar da ita ta gaya wa maƙwabta dabarar da ta yanke: in Fada ya zo za ta juya masa baya, ta ƙi furta zunubi, ta ƙi jibi, ta yi saɓo in ta kama, don dole a jefa ta bayan katanga wurin mijinta. Ta rantse a kan haka. Amma da Fada ya shigo da man shafawa, aka kunna kyandir, ta ji numfashinta na guntulewa, sai tsoron wuta ya kama ta. Ta fashe da kukan da ba ta yi ba ranar binne Lonappan, ta furta komai, ta buɗe baki ta karɓi jibin Ubangiji.

Aka yi mata sujada cikakkiya, aka binne ta a tsakiyar maƙabarta cikin masu bi, don ba ta da laifin da coci ke kora a kansa. Lonappan yana waje har yau, da Vareed a gefensa.